Jirgin Kakana da Bai Taɓa Tashi Ba

Fiiir! Da wannan usur ɗin muke farkawa a ƙauyenmu na gabashin Belbeji, ana sallame sallar asuba. Zakarun gari ma sun daina gasa da shi. Ku da kuka san kakana na wajen uwa, Malam Isufu, wanda kowa ke kira Sarkin Tasha, kun san inda yake tsaye a lokacin: a kan matakalar taragonsa, jan ƙyalle a hannu, yana duban yashi kamar wani abu zai ɓullo daga can.

Duk faɗin Damargu babu layin dogo ko taku ɗaya, amma mu muna da jirgin ƙasa. Tarago guda ne, kuma ba na fasinja ba. Irin wanda ake mayar wa leburorin gyaran layi ɗakin kwana ne: gadajen katako hawa biyu, murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi, tankin ruwa a bisa rufi, da ɗan benci a bakin taga. Kaka ya yi leburanci a reluwe can Najeriya tun yana matashi. Da aka yi gwanjon tsofaffin taragu, ya sayar da 'yan dabbobin da ya tara, ya sa aka cire ƙafafun wannan, aka ɗoro shi a babbar mota. An ce ranar da aka sauke shi, yini guda ya yi yana sa ƙarti suna juya shi, a matsa nan, a karkata can, har sai da tagar ta fuskanci wata tsohuwar rijiya da ke arewa da gari.

Kullum da magariba sai ya je bayan taragon ya murɗa ƙarfen birki har ya yi gumi. Ina ƙarama na tambaye shi, na ce, “Kaka, me ya sa kake ɗaure shi?”

“Kada ya gangara da dare, amarya.” Haka yake kirana, wasan kaka da jika.

“Ai ba shi da ƙafa!”

Ya dube ni da tausayi. “Shi ya sa na fasa aurenki. Mace ba ta san birki ba, wata rana sai in farka in gan mu a Agadas.”

Ba a shiga sai da tikiti. Kwalin sukari yake yayyankawa, ya ba ka a ƙofa, ya karɓe abinsa in za ka fita, domin kwali ma ba a banza ake samunsa ba. Wata rana wani Buzu ya durƙusar da raƙuminsa, ya zagaya taragon, ya ce, “Tsoho, ina wannan za shi?”

“Kano.”

“Yaushe zai tashi?”

“Ya ɗan makara.”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin a haife ka. Shigo ka sha shayi, ba a gaggawa a tasha.”

Wallahi Buzun nan ya karɓi kwali ya shiga, kuma duk shekara in ya biyo da garkensa sai ya tsaya ya tambaya ko an sa rana.

Ƙa'ida ɗaya ce ba ta da wasa: ba a zama a bencin bakin taga. Shekarar da iskar damina ta kwashe rumfar lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, malaminmu Mushe Amadu (haka muke kiran malami da Faransanci) ya roƙi Kaka aron taragon. Ya yarda. Muka riƙa karatu a kan gadajen leburori, ƙafafu na lilo, ni kuwa rabin hankalina na kan hasken da ke faɗowa daga tagar nan bisa bencin da ba kowa. Ana haka sai ga sufeton makarantu daga Tanut, da babban ciki da jaka. Zafi ya dame shi, ya nufi taga ya zauna. Kaka ya leƙo.

“Ranka ya daɗe, akwai mai wurin.”

“Tsoho, ni ne sufeto.”

“Ko kai ne gwamna. Ta riga ka.”

Sufeto ya waiga hagu da dama. “To tana ina?”

“Ba ta sauka ba tukuna. Tashi.”

Fiiir! Ya busa masa usur a kunne. Bawan Allah ya ƙarasa duba ajinmu a zaune kan buhun ƙaiƙayi, Mushe Amadu na cizon leɓe kada dariya ta kuɓuce masa.

Wanda bai taɓa ganin abin dariya a lamarin ba shi ne Kawu Sale, yayan mahaifiyata. Shi ke ciyar da gida, kuma in ya dubi taragon, buhunan hatsi yake gani. Wata shekara da gero bai yi ba, ya kawo mai sayen tsohon ƙarfe daga Damagaram. Ban ga laifinsa ba, rumbu ya yi ƙasa ƙwarai. Mutumin ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa ƙarƙashi, ya shiga ciki, sai ya tarar da Kaka kwance a gadon ƙasa, ya miƙe ƙafafu, ya rufa da bargo.

“Ku auna har da ni,” in ji shi.

“Baba, ƙarfe muke saye.”

“Ni ma na yi tsatsa. Taɓa gwiwar nan ka ji.”

Kawu ya ce, “Baba, don Allah, yara za su ci tarago ne?”

Washegari Kaka ya kai babbar rigarsa ta Idi da rediyonsa kasuwar Belbeji, ya dawo da gero a bayan jaki, ya ajiye a ƙofar Kawu, ya wuce ya murɗa birkinsa. Idin shekarar a tsohuwar rigar leburanci ya yi shi, yana gaya wa mutane wai kayan sarauta ne.

Ya rasu a gadon nan na ƙasa, da rani, bayan ya busa usur ɗin safiya. Shekara ba ta zagayo ba mai ƙarfe ya dawo da masu yanka. Ban iya hanawa ba. Na dai roƙi Kawu ya bar mini bencin da tagar, ya ce, “Ɗauki, gadon amarya ne.” Mahaifiyata ta sa magini ya kafa tagar a bangon ɗakinta, na ajiye bencin a ƙarƙashi.

Na gama makaranta, har na fara koyarwa, kafin Kaka Hajjo, ƙanwar Kaka da ke aure a Falanko, ta zo mana biki. Ta shiga ɗakin, ta ga tagar, ta tsaya. Na ce ta zauna a bencin ta huta. Ta girgiza kai.

“Wurin Mairo ne.”

Ban taɓa jin sunan ba. Ashe kafin kakarmu, Kaka ya yi wata mata. Shekarar babban fari suka yi kudu, shi da ita da Kaka Hajjo tana yarinya. Leburorin layi suka ji tausayinsu, suka ba su kwana a taragonsu, suka sama masa aiki. Mairo ba ta da lafiya. Kullum tana bencin nan tana duban arewa, tana cewa in ta warke a mayar da ita gida ta sha ruwan rijiyar garinsu. Can aka binne ta, a gefen layi.

“Bai samu ya dawo da ita ba,” in ji Kaka Hajjo, “sai ya dawo da tagar. Ya ce kada in faɗa, kuma ban faɗa ba sai yau.”

Allah ya jiƙan Sarkin Tasha, ya jiƙan Mairo. Allah ya sa ya iske ta, ta ajiye masa wuri kusa da ita.