Allurar da Ta Raba Ni da Guɗa

A farkon shekarun tamanin ni ce maguɗiyar ƙauyenmu, can kusa da Ƙarfi. Mijina manomin auduga ne, ni kuwa ba ni da abin taƙama sai bakina. In an yi biki, na coci ne ko na maƙwabtanmu Musulmi, ni ake aikowa a ɗauka, don idan na kama hanci na rangaɗa, har masu aiki a gona sai sun ɗago kai. Na haura arba'in a lokacin, kuma tsufa ya fara da inda ya fi mini ciwo: tamoji ya zagaye mini baki, leɓen sama ya tattare kamar bakin zanen da aka ƙulle.

Ban damu ba sai da aka sa ranar auren 'yata ta fari da wani malamin makaranta. Dangin angon suka zo gaisuwa daga Zariya, wata a cikinsu ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta tambaye ni ina uwar yarinyar. Ta ɗauka kakarta ce ni. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai. Na faɗa wa wata ƙawata da muke zumuntar mata tare, ita kuwa ta ce akwai wani likita a bayan wani kemis a Funtua, yana da allurar da matan Turawa ke yi su koma 'yan mata. Mu a lokacin allura ita ce magani. Wanda ya je asibiti aka ba shi ƙwaya, cewa yake ba a duba shi ba.

Ranar kasuwa na ce wa maigida zan je sayen kwanonin amarya, na zarce Funtua wurin likitan. Mutumin yana sanye da farar riga, bakinsa kamar zuma. Ya zuƙo wani abu mai kauri kamar man gyaɗa daga kwalbar da ba rubutu a jikinta, ya soka mini wuri huɗu a gefen baki. Ya ce in na ga kumburi kada in tsorata, maganin ne ke aiki. Shegen mutum, ya riga ya toshe mini hanyar zuwa asibiti tun ban tashi daga bencinsa ba.

Kwana uku ina murna a gaban madubi, don tamojin ya ɓace. A na huɗu wurin ya yi ƙullutu. Sai na yi abin da kowace mace take yi wa kumburin allura a cinyar yaro: na tsoma tsumma a ruwan zafi na dinga gasawa safe da yamma. Ashe narkar da man nake yi, yana bin cikin nama. Leɓen ya sandare, ya karkace hagu, ya fara ruwa. Ranar bikin na rufe rabin fuska da gyale na ce haƙori ke ciwo. Da aka fito da amarya mata suka juyo gare ni suna jira. Na kama hanci, na buɗe baki, iska kawai ta fita. 'Yata ta ɗaga lulluɓi ta dube ni. Wata daga dangin angon ce ta yi mata guɗar, a ƙofar gidana.

Bayan biki maigida ya kai ni asibitin mishan. Sau biyu ana yanka, likita ya ce mai ne irin wanda ba a sa wa jikin mutum, kuma ba zai fitu duka ba. Ƙawar tawa ta rantse ba ta taɓa jin labarin mutumin ba. Shi kuwa ya tashi daga Funtua. Bayan shekara biyu na gan shi a kasuwar Kafur, da farar rigarsa, mata sun yi layi. Na yaye gyale, na nuna musu bakina, na yi ta zaginsa miyau na zuba. Ya ce musu taɓin hankali gare ni. Suka matsa nesa da ni, amma ba wadda ta bar layin. Wallahi wannan ya fi yankan ciwo.

Har yau ina jin haushinsa, ina jin haushin ƙawata, amma na fi jin haushin kaina. Bakin nan lafiyarsa ƙalau, tsufa kawai ya yi, na ɗauke shi da ƙafata na kai aka lalata saboda maganar baƙuwar da ko sunana ba ta sani ba. Yanzu na ji 'yan mata na zancen irin wannan allura a birni. Ku tambayi mai sokawa mene ne a kwalbar, kuma wa ya koya masa. In wuri ya kumbura ku tafi asibiti a ranar, ku bar ɓoyo. Wadda kuma har yanzu ranta ke so, ta biyo ta gidana tukuna, in sha ruwa a gabanta, ta ga yadda yake zubowa ta gefen baki.