Yadda Labarin Atu Ya Tsaya a Bangon Namadi

Dawuda Na'iya mutumin Kebbe ne, amma a tashar Tambuwal muka san shi. Ni Dikko tela ne, rumfata ce ta uku daga teburin shayin Namadi, Dawuda kuma yana bayan tasha yana yi wa manyan motoci fenti. Ya zo garin a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, lokacin da kuɗin mai suka sa kowane ɗan kasuwa yana son a ce yana da tasa motar. Duk wanda ya sayi sabuwa sai ya kawo wa Dawuda ya zana masa zaki ko ɗawisu a bayanta. Siriri ne, ba ya son magana, kullum da shuɗin fenti a ƙarƙashin farcensa.

A lokacin gine-gine sun yi yawa, takardun buhun siminti suna ko'ina. Dawuda yakan tsince su, ya cire fallen ciki mai tsabta, ya zo ya ari dutsen gugana ya miƙar da shi. Wata ran kasuwa ya zo da guda a naɗe, ya roƙi Namadi ya bar shi ya kafa a bangon da ke bayan teburinsa. Ya raba takardar gida shida, kowane gida da hotonsa, magana a ƙasa da boko da ajami. Labarin wata 'yar maharbi ce mai suna Atu, wadda aljanun ruwa suka ɗauke ƙanenta zuwa birninsu a ƙarƙashin tafki. Ta ɗauki bakan ubanta ta bi sawu, tare da wani tsohon burtu mai ido ɗaya da ya san hanya.

Daga ranar, duk ran kasuwa da sabon shafi. Kafin wata uku, mutum bai samun wurin zama a bencin Namadi. Direbobi, malaman firamare, masu faci, kowa da ra'ayinsa. Wasu suka ce burtun maci amana ne, wasu suka rantse shi ne uban Atu da aka juyar ya zama tsuntsu. Namadi ya rataye gwangwanin madara a ƙusa, mai son faɗa wa Dawuda magana ya rubuta ya jefa. Wani direba mai suna Jumare, da ke zuwa Kebbe sau ɗaya a mako, shi ke kwasar tsohon shafi ya kai can a kafa a kasuwa. Mutanen Kebbe kullum suna baya da mako guda, kuma in ɗan Tambuwal ya je ya faɗi abin da zai faru, sai an raba faɗa.

A shafi na ashirin da uku Dawuda ya kashe burtun. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Jumare ya same shi a bayan tasha, mutane biye da shi.

"Mai zane, mi tsuntsun ga ya yi maka?"

"Lokacinshi na ya yi," in ji Dawuda.

"To, wallahi ba ni ɗaukar wanga shafi zuwa Kebbe. Ka kai da kanka, su jefe ka."

Gwangwanin ya cika har ya zube. Dawuda ya yi mako biyu yana turjiya, a na uku ya zana burtun yana fitowa daga cikin laka, da rai. Aka yi ta sowa. Shi kuwa ya zauna a rumfata ya ce, "Dikko, labarin ga ya bar hannuna. Ni dai ɗan aikinsu ne yanzu." Amma yana faɗa yana murmushi.

A 1979 motar wani mutum ta lalace a Tambuwal. Ma'aikacin wata maɗaba'a ne a Kaduna. Ya sha shayi, ya tsaya gaban bangon har aka gama gyaran motarsa bai sani ba. Bayan wata guda wasiƙa ta zo: Dawuda ya je bayan Babbar Salla, za su buga labarin Atu ya zama littafi, su kuma ba shi aiki. Labari ya zagaye tasha. Wasu suna murna, wasu suna cewa ya sayar da mu. Na ɗinka masa riga da wando sababbi na tafiya.

Saura kwana goma Salla, Jumare ya dawo daga Kebbe da saƙo. Mahaifin Dawuda, Malam Na'iya, ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Dawuda shi kaɗai ne ɗa namiji. Mahaifiyarsa ta daɗe da rasuwa, ƙanwarsa Kulu tana gidan mijinta da goyo. Dawuda ya kafa shafi na arba'in da ɗaya, inda Atu ta isa ƙofa ta bakwai ta birnin aljanu ta ɗora hannu a kanta, ya ce wa Namadi mako biyu zai yi.

Mako biyu suka wuce, wata biyu suka wuce. Shafin yana bango, rana tana cinsa. Sai zance ya fara yawo. Aka ce ya wuce Kaduna a ɓoye. Aka ce aljanun da yake zanawa ne suka taɓa shi. Jumare yakan ce, "Shina nan lafiya lau, ni da idona na gane shi," amma ba ya ƙara komai a kai. Mutane suka ci gaba da jefa takardu a gwangwani, Namadi ya tara su a leda. Da damina ta sauka, na karɓi ledar na hau motar Jumare.

Hanyar Kebbe ta ci mana rabin yini. Na tarar da Dawuda ya goyo mahaifinsa daga ɗaki zuwa inuwar zaure. Ya kwantar da shi a tabarma, ya gyara masa ƙafar da ba ta motsi, ya ba shi kunu da ludayi, yana share masa gefen baki. Tsohon ya amsa gaisuwata da ƙyar, harshensa ya yi nauyi. Da barci ya ɗauke shi, muka koma gindin bedi a ƙofar gida, inda za mu ji in ya motsa.

Na miƙa masa ledar. Bai buɗe ba.

"Ko shafi guda ka aiko mana," na ce. "Takarda ce babu? Na kawo maka."

"Ba takarda ba ce." Ya ajiye ledar a gefe. "Baba ya ga abin da anka riƙa kafawa kasuwa, tun yana da lafiya. Bai taɓa yi mini magana ba. Ranar da na iso, ya kama hannuna da hannun da ke aiki, ya ce, Dawuda, ka ɗaukar mini alƙawari, muddin ina numfashi ba ka sake zana mai rai. Na ce na ɗauka, Baba."

"To, Kaduna fa?"

"Sun sake rubutowa. Mi zan ce musu? Wa zai ɗaga shi? Wa zai yi mishi wanka?" Ya duba tafin hannunsa, duk kanta ta fartanya. "Na san abin da ke bayan ƙofar nan ta bakwai, Dikko. Ina huɗa ina ganinshi. Amma ba shi ke damuna ba. Ran nan na kama kaina ina lissafin shekarun tsohon ga, ina cewa saura nawa. Ubana fa. Na aje fartanya na zauna cikin kunyar gona ina istigfari."

 Na ce ya rubuta labarin da kalmomi kawai, ai wannan bai shiga alƙawari ba. Ya gwada. Bayan mako biyu Jumare ya kawo shafi cike da rubutu, babu hoto ko ɗaya. Mutane suka taru, wani malamin firamare ya karanta da ƙarfi, aka saurara, aka watse shiru. Dawuda ba marubuci ba ne. Abin da hannunsa ke faɗa da layi uku, alƙalaminsa ya kasa faɗa da layi talatin. Wani ya ce, "Wanga ba Atu ba ce." Maganar ta koma kunnensa, bai sake aikowa ba.

Malam Na'iya ya yi shekara tara a kwance. A cikinsu Dawuda bai kwana a wajen Kebbe ba ko sau ɗaya. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku, ya riƙe gonar. In an buɗe sabon shago yakan rubuta musu allon suna, haruffa zalla. Kulu ta gaya mini cewa ko tsuntsu yaransa suka ce ya zana musu a ƙasa, sai ya ce su je su yi wasa.

Tsohon ya rasu a 1988. Bayan sadakar arba'in Dawuda ya zo Tambuwal. Kuɗin mai sun daɗe da janyewa, ba mai sayen sabuwar mota, Namadi ya koma garinsu Jabo, bangon ma an rushe shi an yi shaguna. Dawuda ya ce ya rubuta wa maɗaba'ar, wasiƙar ta dawo, an ce sun rufe. Ya sayi farar takarda ya zauna a rumfata kwana biyu yana zane. Ya yi fuskar Atu ya fi sau goma, yana yagewa. Yatsunsa sun yi tauri, layin ba ya zuwa inda ya aike shi.

"Da na zauna wata guda, hannun zai dawo," ya ce. "Amma ga damina ta kawo kai, ba wanda zai yi mini shuka. Kuma ko na gama, wa zan kafa ma?"

"Ni da Jumare muna nan."

Ya yi dariya kaɗan. "In an yi girbi, in Allah ya so."

An yi girbi, bai zo ba. Ban matsa masa ba, shi ma bai sake tayar da zancen ba. Ya ƙare rayuwarsa a Kebbe, manomi mai rubuta allon shaguna, mutane suna yaba shi da cewa ya yi wa ubansa abin da ba kowa zai iya ba. Gaskiya suka faɗa.

Ganina na ƙarshe da shi a kasuwar Kebbe ne, 'yan watanni kafin rasuwarsa, yana zaune gaban buhun gero. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Ya ce in ɗinka wa jikokinsa biyu kayan Salla, ya zaro zare daga aljihu mai ƙulli-ƙulli, ya nuna mini wane ƙulli ne tsawon riga, wane ne na hannu. Na ɗinka na ba Jumare ya kai, ya dawo ya ce sun yi musu daidai.