Inna ta hura gawayi a falo

Jama'a, yau saura ƙiris in rasa Inna!

Kun san ta zo mana ziyara, ga sanyin Riyad ya kankama. Na taso daga aiki a asibiti da la'asar, ina buɗe ƙofa hayaƙi ya tare ni. Tagogi a rufe ruf! Kafar da iska ke shigowa ta toshe ta da zani. Ga kaskon turarena cike da garwashi a tsakiyar falo, ita kuma tana jingine, ido a lumshe.

Na ce, "Inna!" Da ƙyar ta ce, "Kaina ke sarawa."

Na fizge zanin, na wangale tagogi, na ja ta waje. Maƙwabciyata 'yar Sudan ta fito tana salati, ta fitar da kaskon. Alhamdulillahi, Inna ta dawo hayyacinta.

Da muka koma ciki na ɗauki rimot ɗin esi mai sanyaya ɗaki, na danna alamar rana. Iska mai ɗumi ta fara busowa. Na ce, "Inna, ai shi ma yana ɗumama ɗaki."

Ta harare shi. "Shi da na kunna ɗazu ya hura min sanyi? Kashe shi, ba na zama da munafuki. Miƙo min bargo."