Hannu Ɗaya Na Kaya, Hannu Ɗaya Na Mutum

Muna yara a Sabon Tasha, duk ranar da aka ɗauke wuta, wato kusan kullum, Kaka ce talabijin ɗinmu. Ita ta haifi Mama. Ciwon gwiwa ya raba ta da ƙauye, amma bai raba ta da murhu ba. Ta ƙi risho, ta kafa duwatsunta uku a bayan ɗaki, a can take dafa paten acca. Da ta sauke tukunya sai ta turo mana tiren gyaɗa.

"Wanda bai ɓare ba, kunnensa ya je ya kwanta," in ji ta.

Yayana Ayuba ya ce, "Kaka, ke fa leburori kike nema, ba jikoki ba."

"Ji mijin banza. Ko sabulu ba ka taɓa saya min ba, sai baki."

Sai ta gyara itace ta ce, "Ga ta nan tafe a kan hanya." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ita ce ta garin da yunwa ta tasa, dole mutanensa su haye kogi. Wani kada ya yarda ya miƙe jikinsa ya zama gada, amma ya ce bayansa da santsi, kowa ya riƙe wani. Hannu ɗaya na kaya, hannu ɗaya na mutum. Akwai wata mata mai ƙorai masu zane, tun tana budurwa take tara su. Ta ɗauki wannan, ta ajiye, ta ɗauki wancan, ta kasa barin ko ɗaya, ta rungume su duka da hannu biyu. 'Yarta ta miƙo mata hannu, uwar ta ce, "Riƙe bakin zanena." A tsakiyar kogi matar ta zame. Ƙoran suka yi ta yawo a kan ruwa, ita ba a sake ganinta ba. Waɗanda suka riƙe juna suka haye.

Ayuba ya ce da shi ne, a ka zai ɗora.

"Kai da kanka ma ya yi maka nauyi," in ji Kaka. Muka yi ta dariya har gyaɗa ta zube.

Kaka ta rasu ina aji uku a sakandare. Ayuba ya tafi Legas, sai a waya. Ni da Mama muka koma wani ɗaki mai araha kusa da kogi. Na koyi ɗinki, na sayi keke, ina ta tara atamfofi da zare a ƙarƙashin gado, da burin in buɗe shago a unguwar Television.

Daminar nan ruwa ya shigo mana. Kafin mu gane, ya kai ƙugu. Na cire kan keken na ɗora a kaina, hannu biyu na tallafe shi, muka fita lungu. Sai na ji Mama ta kira ni, ba da ƙarfi ba: "Alheri." Na saki kan keken. Ko ƙarar faɗuwarsa ban ji ba. Na damƙi hannunta, na ja ta har bakin titi.

Yanzu a wani aji na makarantar cocinmu muke kwana. Mama ta sha ruwan nan da yawa. Tari take yi, abinci ba ya zama a cikinta, kullum zoben hannunta sai ƙara yi mata yawa yake. Ni kuwa ko famfo aka buɗe sai in toshe kunnena.

Matan zumunta suna zuwa da kunu, suna cewa, "Kin yi zaɓi mai kyau, 'yata. Kaya ai ana sake samu." Na sani. Da a ce za a sake, haka zan yi. A da abubuwan da nake so sun fi a ƙirga, yanzu guda ɗaya ne, yana kwance a kan tabarmar aro yana numfashi da ƙyar.

Sai dai Kaka kullum a bakin gaɓa take tsayar da tatsuniyar, ta kore mu mu kwanta. Ba ta taɓa gaya mana abin da suka ci a ƙetaren ba, ko su nawa suka kai lokacin girbi. Mu ma ba mu tambaya ba. Ina zaune ina riƙe da hannun Mama, ɗaya hannun babu komai, kuma ban san wa zan miƙa wa shi ba.