Sunan da Chindo Ya Nema

Har yau ina shakkar ko na kyauta da na ara wa Chindo littafin nan. Na dawo Gangara daga karatu a Dakar, shekara guda bayan samun mulkin kai, da akwati cike da littattafan faransanci da babu mai karanta su sai ni. Chindo manomin gero ne, ɗan shekara ashirin, ya yi aji shida a lakol, makarantar boko ta Gazawa. Shi kaɗai ya taɓa tambayata abin da ke cikin akwatin.

Littafin ƙagaggen labari ne na wata yunwa ta zamanin da, a wata ƙasa mai nisa. Chindo ya yi wata biyu yana fama da shi a gindin gawo idan ya tashi daga noma. Da ya kai inda wata uwa ta binne ɗanta a bakin hanya, marubucin ya wuce bai ko faɗi sunan yaron ba, sai Chindo ya rufe littafin ransa a ɓace. Ya ce wane irin mutum ne zai ɓata shafi uku a kan kalar sama, ya hana mamaci suna?

Abin ya taɓa gidansu ne. Kakarsa Barira ta iso Gangara a ƙafa lokacin yunwar Kakalaba, goye da uban Chindo. Ɗanta na fari ya mutu a hanya. Duk wanda ya san yaron ya riga mu gidan gaskiya, ita kuma, kamar kowace uwa a nan, ba ta kama sunan ɗan fari.

Ana cikin haka matar Chindo, Hauwa, ta haifi namiji. Chindo ya ƙudura sai ya mayar da sunan wan ubansa da ya mutu a hanya, ga kwana bakwai kacal a gabansa. Ya roƙi tsohuwar ta faɗa masa sunan, ta ce ya je ya duba awaki. Ya fassara mata shafin da Hausa, ta saurara tana kaɗin audugarta, ta ce matar littafin ta ga wahala, Allah ya ji ƙanta. Ya ce to ta raɗa wa liman sunan a kunne.

"Maigidan, lakol ta cinye maka kunya," in ji ta. "Tashi ka ba ni wuri."

Ranar suna aka raɗa wa yaro Alhassan, sunan uban Hauwa. Chindo ya maido mini littafin bai ƙarasa ba, ya yi mako ba ya shiga ɗakin kakarsa.

Da na je gaishe ta, na ce, "Iya, ko kin manta sunan ne?"

Ta ajiye mazari. "Ban manta ba, ɗan nan. In aka sa wa jaririn, kullum zan ji ana kira a tsakar gida, wani yana amsawa. Ni in yi yaya?"