Ferid, Wanda Bai Yarda da Shiru Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, Allah ya karɓi ran Ferid Kurtović a gidansa da ke birnin Tuzla, bayan gajeriyar jinya.

Yaya Ferid, mun daɗe a ofis ɗaya, ni da kai, kuma ban taɓa ganin mai zargi irinka ba. Kai ka rubuta umarnin da ke sa kwamfuta ta tura sakamakon gwajin jini daga ɗakin gwajinmu zuwa asibitocin ƙauyukan kan dutse, kullum da safe, ba mai tsaronta. Intanet ɗin can kuwa iska kaɗan ke katse shi. Shi ya sa ka koya mata: in layi ya yanke ta dakata ta sake gwadawa, in fayil ya isa ta auna shi da na asali, kada rabin sakamako ya faɗa hannun likita. Ko komai ya tafi daidai, sai ta aiko saƙo wayarka. Nakan ce, "Haba Yaya, ko na'ura ba ka yarda da ita ba?" Sai ka tura mini farantin burek ka ce, "Ci, Nermina. Shiru ba lafiya ba ne."

Kwanaki bayan jana'iza na koma gaisuwa. Matarka Sabaheta ta zuba mini kofi, ta ajiye wayarka a gabana.

"Har kun manta da shi ke nan?" in ji ta. "Kullum wayar nan takan yi ƙara muna karin kumallo. Tun da ya tafi, tsit."

A ofis kuwa Damir, shugaban sashenmu, kullum cewa yake ba a ga kuskure ko ɗaya ba. Ko ɗaya? A layin da kai ka sha fama da shi? Ruwa ba ya tsami banza. Na bar kofin na koma ofis na duba. Ashe a ranar rasuwarka aka rufe sunanka a kwamfuta, alhali da sunanka aikin yake tashi. Abin da bai tashi ba, ina zai yi kuskure? Sakamako ya taru jingim, har da na wata dattijuwa da likitanta ke jira kafin ya canja mata maganin ƙoda. Su kuwa ma'aikatan asibitocin can sun ɗauka layi ne ya sake yin halinsa.

Damir, wanda ya sa aka rufe sunan, ya ce ƙa'ida ce ya bi. To. Amma shi ne ya daɗe yana neman a jefar da aikinka a sayo na wani kamfani, kuma har yau ban gane gaggawar rufe sunan mutum kafin a kai shi makwanci ba. Ba na rantsuwa a kan zuciyar kowa, sai dai idona na kansa.

Na tayar da aikin da sunana, dattijuwar ta samu maganinta. Da na zo canja lambar wayar da saƙon yake zuwa, Sabaheta ta ce, "Don Allah bar ta." Na bar ta.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Sabaheta da 'ya'yanku, Allah ya ba ku haƙuri. Yau da safe Sabaheta ta kira ni tana kuka, ta ce wayar ta yi ƙara.