Tseren da Aka Tsaya Gaida Suruki

Na yi shekaru ina shugabantar sashen wasanni a jami'a, na ga abin dariya na ga abin haushi, amma akwai wani tseren mil ɗaya da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, shi ba zai fita daga kaina ba. A Funtuwa aka yi shi, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ina sabon malamin wasanni a wata makarantar horon malamai.

A lokacin ji nake da kaina. Ina da usur, ina da agogon awon gudu, ga littafin dokoki da nake yawo da shi a aljihu kamar laya. Ina kuma da wani ɗalibi dogo, ɗan Mahuta, wanda idan ya ɗaga ƙafa sai dai a bi shi da kallo. Shekararsa ta ƙarshe ce a makaranta. Wani jami'i zai zo daga Kaduna ya zaɓi masu wakiltar lardinmu, kuma cin tsere kawai bai isa ba, sai an gama cikin lokacin da aka ƙayyade. Wata uku muna atisaye. Na san tsawon takunsa, na san abin da yake karyawa da shi. Har kambas na sa aka saya masa, alhali sauran ba takalmi suke gudu. Abin da ban sani ba shi ne yana da mata a ƙauye.

Filin makarantarmu ya yi kaɗan, sai wani Alhaji, babban manomin auduga, ya ara mana gonarsa ta bakin gari bayan an cire amfani. Muka baje kunyoyi, muka ja layi da toka, zagaye huɗu mil ɗaya. Don nuna godiya na sa aka kafa rumfa dab da layin gudu, na ajiye masa kujera a gaba, tsakiyar dattawa. Mafarin tseren kuwa yana can ɗaya gefen, inda muka tsaya ni da jami'in.

Na busa usur, su biyar suka tashi. Dogona ya ba su rata tun a kwanar farko, ina ta washe baki. Yana isowa gaban rumfa sai na ga ya ci birki. Ya sunkuya ya kwance igiyar kambas, ya cire ɗaya, ya cire ɗayan, ya durƙusa a gaban Alhaji. Alhaji kuwa, maimakon ya ɗaga masa hannu ya sallame shi, sai ya gyara zama. Daga baya aka ba ni labarin gaisuwar tiryan-tiryan.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ina gajiya? Ya karatu? Ya malaman naku?"

"Lafiya lau, Baba. Ya mutanen gida?"

Biyu daga cikin masu bin sa 'yan yankin Dandume ne, sun san Alhaji, ba su ga ta wucewa ba, su ma suka zube. Na huɗun ɗan wani Bayarabe ne mai shagon yadi, haifaffen Funtuwa, mahaifinsa aminin Alhaji. Shi ma ya zo ya kwanta rub da ciki irin gaisuwar gidansu. Wani ɗan Malumfashi ne kaɗai ya wuce, yana gudu yana waiwaye, don ya ɗauka an soke tseren ba a gaya masa ba.

Jami'in ya dube ni ya ce, "Malam, wannan kuma a shafi na nawa yake a littafinka?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin in amsa, dogon ya miƙe ya bar kambas a wurin, ya zuba a guje, ya kamo ɗan Malumfashi. Na ce to, an yi an gama. Ashe da saura. A zagaye na biyu, yana hango rumfa sai ya saki layi, ya kewaya ta bayanta, ta cikin masu fura da jakunan da aka ɗaure, ya sake faɗowa fili ta ɗaya ɓangaren.

Na tsallaka filin da gudu, na durƙusa gaban Alhaji ina haki.

"Alhaji, me ke tsakaninka da yaron nan?"

"Mijin 'yata ne mana. Malam, ni ma kunyar ta ishe ni, ka gan shi da ɗan wando iya cinya. Amma kai ka gayyace ni, kai ka sa ni a gaba. In na tashi a ce na raina taronka."

"To don Allah ko za ka juya kujerar, ka ba filin baya?"

Ya ce ba komai. Ya ɗaga kujera ya juya. Sauran dattawan da suka ga haka suka zaci wata ƙa'ida ce ta wasan Turawa, duk suka juya nasu. Manyan baƙina kaf suka ba tseren baya, suka fuskanci jakuna. Ni kuwa har ina jin na yi dabara.

Abin da ban tuna ba shi ne ba wanda ya gaya wa mai gudun. A zagaye na uku ya sake kewayawa ta bayan rumfa don ya kauce wa surukinsa, sai ya yi kiciɓis da dattawa a jere, ido cikin ido. Ya zai yi? Ya sake zubewa.

"Baba, sannu da hutawa."

"Yawwa, sannu. Tashi ka je, suna jiranka."

A zagayen ƙarshe Alhaji ya gaji, ya ɗaga hannun babbar rigarsa ya lulluɓe kansa gaba ɗaya, ana jin muryarsa daga ciki yana tambaya, "Ya wuce? Ku gaya mini in ya wuce." Ni kuma ina bakin layi ina ihu, "Ta gaba! Ta gaba!" Ban taɓa ganin gudu irin na wannan zagayen ba, har a manyan gasannin da na kai ɗaliban jami'a daga baya. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, ya ci tseren, fili ya kaure da sowa.

Jami'in yana share hawayen dariya ya miƙo mini agogo. Lokaci ya wuce da 'yan daƙiƙu. Na roƙe shi ya cire gaisuwa biyun daga lissafi, ya ce da zai iya da ya yi, amma abin da agogo ya nuna shi zai rubuta. Ba wanda ya tafi Kaduna daga cikinsu.

Na sami dogon a gindin wata ɗorawa, na fara yi masa faɗa, wai me ya sa bai gaya mini ba. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Malam, wata uku kullum kana tambayata ƙafata. Ba ka taɓa tambayata gidanmu ba."

Ya gama makaranta, aka tura shi koyarwa a ƙauye, bai sake tsere ba. Har yau idan ina ba da labarin mutane kan yi dariya, ni ma ina yi, amma tawa ba ta kai zuci, domin ni na hana shi zuwa Kaduna da kujera ɗaya da na ajiye. Abin da na koya shi na riƙe duk tsawon aikina: ɗan wasa ba ƙafafu ba ne kawai, ɗan wasu ne, mijin wata ne, kuma duk yana shiga fili da su. Tun daga ranar ban sake kama agogo a kan ɗalibi ba sai na fara zama da shi na ji daga wane gida ya fito.